Raf ba laya ba ce

Akwai wata magana da ta kama bakin masu harkar gini a Katsina 'yan shekarun nan. Mai kuɗin yana faɗinta, ɗan kwangila yana faɗinta, har birkila ma ya iya ta: "Ai raf za a yi masa." Raf ɗin nan wani irin harsashin gini ne, faifan kankare guda ɗaya a ƙarƙashin ginin duka. Da an furta maganar sai ka ga kowa ya saki jiki. Ka ce filin nan tsohon kududdufi ne, a ce maka raf za a yi. Ka ce ruwa na kwana a wurin duk watan Agusta, a ce ai shi ya sa za a yi raf. Ka tambayi dalilin ƙara hawa biyu a kan abin da aka zana, a ce maka da ma raf ne a ƙasa. Kalmar ta koma tamkar layar da ake binnewa a kusurwar gida, ana sa ran za ta tsare komai alhali ba wanda ya buɗe ya ga abin da ke ciki.

Na daɗe ina aikin duba gine-gine, kuma ina ganin ƙimar raf ƙwarai. Na sha ba da shawarar a yi shi a inda mai gini ke ja da baya saboda tsada. Abin da ke damuna shi ne yadda aka mai da shi madadin binciken ƙasa, bayan shi kansa ba ya tsayuwa sai da wannan binciken. Garinmu ya fara miƙewa sama: otal-otal, rukunin shaguna, ɗakunan kwanan ɗalibai, asibitocin kuɗi. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 fili ke ƙara tsada, wanda ya zuba dukiya ya sayi fuloti kuwa so yake ya hau sama ya fanshe. Benayenmu ba su kamo na Legas da Abuja ba tukuna, amma ɗabi'ar da muka saba da ita a hawa huɗu da biyar ita za mu ɗauka mu kai hawa goma sha biyu. Tun ran gini ran zane.

A ginin da aka saba, kowane ginshiƙi yana da tasa ƙafar. A haƙa rami, a shimfiɗa ragar rodi, a zuba kankare, ginshiƙi ya tashi a kai, sannan a matsa gaba a yi wa na kusa da shi haka. Raf shi ne a bar wannan rarrabuwar, a zuba faifan kankare guda ɗaya mai kauri, da rodi sama da ƙasa, ya rufe duk faɗin ginin, ginshiƙai duka su tsaya a kansa. Ana iya ce masa harsashin tabarma, don shimfiɗa ce guda. Wani lokaci faifan a baje yake, wani lokaci a yi masa haƙarƙari na bim, wato gadar kankare da ke haɗa ginshiƙi da ginshiƙi, a manyan gine-gine kuma akan yi shi kamar akwati mai ɗaki-ɗaki, faifai a ƙasa, faifai a sama, bangaye a tsakani.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mai'aduwa ya kalli raƙumi da jaki a kan rairayi ya riga ya san rabin karatun. Raƙumi ya ninka jaki nauyi, amma kofaton jaki ne ke lumewa, tafin raƙumi kuwa sai ya baje ya zauna a bisa. Ƙasa ba ta damu da jimillar nauyi ba kamar yadda ta damu da abin da ya faɗo wa kowane taki nata.

Bari mu buga lissafi, don a nan ne maganar ke fitowa fili. Mu ɗauki bene mai hawa 10, faɗinsa mita 20, tsawonsa mita 30, wato murabba'in mita 600. Ginin kankare irin namu, in aka haɗa dekin da bim da bulo da filasta da mutane da kayansu, kowane hawa yakan ɗora wajen tan 1.2 a kan kowane murabba'in mita. Hawa goma ke nan tan 7,200. In ginshiƙai 24 ne, kowanne na ɗauke da wajen tan 300. To, mu ce bincike ya nuna ƙasar wurin za ta iya ɗaukar tan 15 a kan murabba'in mita ba tare da ta gaza ba. Kowane ginshiƙi na buƙatar ƙafa mai murabba'in mita 20, kusan mita huɗu da rabi kowane gefe. Ka tara 24 ɗin, ka ci murabba'in mita 480 daga cikin 600. Ƙafafun sun kusa taɓa juna. Shi ya sa injiniyoyi ke da wata ƙa'ida ta sauƙi: da zarar ƙafafun za su cinye fiye da rabin filin, gara a haɗe su. In aka haɗe, tan 7,200 a kan murabba'in mita 600 ya zama tan 12. Ka ƙara nauyin faifan kansa, in kaurinsa mita ɗaya ne, tan 2.4. An tashi 14.4, ƙasa da 15 da kaɗan.

A lura da wannan 15 ɗin. Duk lissafin a kanta ya rataya, kuma ba a samunta da ido ko da taka ƙasa da dunduniya. In ta zama 8 ce a gaskiya, raf ɗin da aka kashe wa miliyoyi bai canza komai ba. Raf rabon kaya yake yi, ba ya ƙara wa ƙasa ƙarfin da ba ta da shi.

Akwai kuma wani abu game da faifan da yawancin masu ɗaurin rodi ba a taɓa yi musu bayaninsa ba, kuma laifinmu ne mu injiniyoyi. Raf dekin ne da aka kife. A dekin, kaya na dannowa daga sama, ginshiƙai na tokare daga ƙasa, don haka tsakiyar ɗaki ke son lotsawa, rodi mai ƙarfi kuma a ƙasan faifan ake sa shi a nan. A raf kuwa ginshiƙai ne ke dannowa daga sama, ƙasa na turowa daga ƙarƙashi ko'ina. Saboda haka a tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi faifan yana son bankarewa ya yi sama, rodin sama ne ke aiki a wurin, a ƙarƙashin ginshiƙi kuma na ƙasa. Na taɓa isa wani wurin aiki da sassafe na tarar da mai ɗaurin rodi, ƙwararre a dekin, ya jera masu kaurin a ƙasa daga bango zuwa bango, ya bar sirara a sama, ga shi kuma ƙafafun da ke riƙe ragar saman sun yi nisa da juna har ragar ta lotsa inda leburori ke takawa. Da na yi magana sai ya ce, "Injiniya, ai kullum haka muke yi, ƙarfe a ƙasa yake aiki." Gaskiyarsa a dekin. Sai da na ɗauki kwali na ɗora a kan yashi, na danna shi da yatsu biyu, ya ga tsakiyar ta ɗago, sannan ya girgiza kai ya kira yaransa suka fara kwance waya. Kwana biyu aikin ya ci. Da an zuba kankare a kai, ba mai sake ganin kuskuren sai ran da ƙasan bene ya tsage.

Haɗari na biyu a jikin faifan shi ne ginshiƙi ya huda shi, yadda tabarya za ta huda tsohuwar ƙwarya in aka dafa ta da ƙarfi. Tan 300 a kan wuri ɗan ƙarami ba wasa ba ne. Wannan gazawar ba ta ba da sanarwa, faɗowa take yi lokaci guda, kuma sau da yawa ita ce ke yanke kaurin raf. Duk wanda ya ce a rage kauri daga mita ɗaya zuwa santimita 60 don a tsira da siminti, a nan yake caca.

Misalin raƙumi yana da iyaka, kuma iyakar tasa ita ce zuciyar wannan magana. Nauyin gini ba a fatar ƙasa yake tsayawa ba. Yana ratsawa ciki, yana bajewa, yana raguwa sannu a hankali, kuma zurfin da yake kaiwa ya danganta da faɗin abin da ke danna ƙasar: wajen ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin. Ƙafar ginshiƙi mai faɗin mita 2 tana jin ƙasa zuwa zurfin mita 3 ko 4. Raf mai faɗin mita 20 yana jin ta har mita 30 zuwa 40. Wato da ka faɗaɗa harsashi, ka tayar da ƙasar da ke can ƙasa wadda da ba ruwanta da kai. In akwai laka mai taushi a mita 12, ƙananan ƙafafu ba za su san da ita ba, raf kuwa zai matse ta. Don haka ramin gwaji na mita biyu da ake haƙawa da diga, a leƙa a ce "ƙasar nan jar ƙasa ce, mai kyau ce", bai ba da labarin ko kashi ɗaya cikin goma na abin da raf zai kwanta a kai ba.

An ga haka ƙarara a Kanada a watan Oktoban 1913, a wani wuri da ake kira Transcona kusa da birnin Winifeg. An gina wani ƙaton rumbun hatsi na kankare a kan raf mai kaurin santimita 60. Kafin gini an gwada ƙasar da ɗora nauyi a kan ɗan ƙaramin faranti, ta nuna ƙarfi. Da aka fara cika rumbun da hatsi, bai ma gama cika ba, sai ya soma nutsewa, cikin kwana ɗaya ya kishingiɗa da digiri kusan 27. Abin lura shi ne ginin bai farfashe ba, raf ɗin ya riƙe shi cur, sun karkata tare. Daga baya aka gano cewa lakar sama mai tauri ce, amma a ƙarƙashinta akwai wata mai taushi wadda ɗan farantin gwajin bai kai gare ta ba. A lokacin ilimin ƙasa bai zama fanni ba tukuna, sai a 1925 Karl Terzaghi ya fitar da littafin da ya aza tubalinsa. Su suna da uzuri. Mu da muka zo bayan shekara ɗari ba mu da shi.

To wace irin ƙasa muke da ita? Jihar ba iri ɗaya ba ce. Daga Dutsin-ma zuwa Malumfashi da Funtuwa dutse yana kusa, wani wurin ma ya leƙo waje. A irin wannan wuri sau da yawa raf ɓarnar kuɗi ne, ƙafafu daban-daban a kan fa sun wadatar, sai dai a kula, don saman dutsen ƙarƙashin ƙasa ba a daidaite yake ba: nan ka same shi a mita biyu, taku ashirin gaba sai mita tara, tsakani kuma ruɓaɓɓen dutse. Arewa kuwa, daga Katsina zuwa Mashi da Daura da Mai'aduwa, rairayi ya lulluɓe sama, wani iska ce ta tara shi tun zamanin da. Irin wannan rairayin da rani yakan yi tauri har diga ta yi ƙara, amma in bai matsu ba, da ruwa ya ratsa shi sai ya zauna. Sannan ga fadamu masu baƙar laka, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ta ɗaga gini ta sauke shi kowace shekara.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro a cikin birnin Katsina ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Kududdufi ne. Kakanninmu da ƙasa suka gina garin nan: gidaje, ganuwa, soraye, har hasumiyar Gobarau da ke tsaye ɗaruruwan shekaru da tsawon wajen mita 15. Ƙasar da aka yi tubalin daga cikin garin aka haƙo ta, ramukan da aka bari su ne kududdufan da ke tara ruwan unguwa. Magina na da sun san hannunsu: gindin bango mai kauri, yana sirancewa yayin da yake hawa, kuma ba wanda zai aza soro a kan bakin kududdufi. Yau an cike da yawa daga cikin ramukan nan da shara shekara da shekaru, an zuba 'yan tifofin jar ƙasa a sama, an daidaita, an yanka fuloti. Mai saye ya zo ya ga fili shafal a tsakiyar gari. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Na tsaya a kan irin wannan fili da wani Alhaji da ke son gina hawa shida. Da ƙyar ya yarda aka kawo masu binciken ƙasa, don a ganinsa tunda raf za a yi, kuɗin a banza za su tafi. Suka kafa ƙarfensu mai ƙafa uku, suka fara. Gwajin da suke yi mai sauƙin fahimta ne: guduma mai nauyin kilo 63.5 ake saki daga tsayin santimita 76 ta bugi sandar ƙarfe mai bututu a baki, a ƙirga bugu nawa ake yi kafin ta shiga santimita 30. Bugu da yawa, ƙasa mai ƙarfi. Bugu kaɗan, ƙasa mai rauni. A farko gudumar ta yi ta dukan jar ƙasar nan, Alhaji yana murmushi. Da aka wuce ta sai sandar ta fara lumewa da bugu biyu, uku. Aka zaro bututun aka buɗe shi a gabanmu: baƙar ƙasa jiƙe sharkaf, toka, leda, guntun silifa, da wari irin na kwata.

Ya dube ni ya ce, "Injiniya, to ba raf za mu yi ba? Me ya kawo maganar bola?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, raf ɗin a kan me zai kwanta?"

Wani dattijo da ke zaune a dakalin gidan da ke kallon filin, wanda tun safe yake kallonmu bai ce uffan ba, sai ya taso da sandarsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ka san wurin nan da?" Ya ce, "Ɗana, nan muka koyi iyo. Daga inda motar can take zuwa gindin bangon nan, babba ma ba ya taɓa ƙasa." Ya nuna mana inda gaɓar take da bakin sandarsa. Da aka huda rami na biyu da na uku, maganarsa ta fito daidai: gefen gabas ƙasar asali ce tun daga kusa, gefen yamma shara ce mai zurfi.

Wannan shi ne mafi munin hali, ya fi a ce duk filin shara ne. Gini ba ya tsoron zama in zai zauna gaba ɗaya daidai wa daida. Kowane gini yana ɗan zama, kuma an yarda raf a kan rairayi ya sauka har wajen santimita 5, ninki biyu na abin da ake yarje wa ƙafafu daban-daban. Abin da ke kashe gini shi ne wani gefe ya riga wani. In bambancin ya kai santimita ɗaya a cikin kowace mita uku, bango ya fara tsagewa a karkace daga kusurwar taga, ƙofofi su ƙi rufuwa, tayil ya ɗago. In raf ɗin mai ƙarfi ne ƙwarai ba zai tsage ba, sai ya karkata da ginin duka, kamar rumbun Kanada. Hasumiyar Pisa ta Italiya, da aka fara a 1173 a kan harsashi mai zurfin mita uku kacal, haka ta yi, don ƙasar gefe ɗaya ta fi ta ɗayan taushi, kuma sai da aka rufe ta a 1990 aka yi shekara goma sha ɗaya ana fama kafin a sake buɗe ta. Karkata kuma tana ciyar da kanta: da dogon gini ya ɗan kwanta, nauyinsa ya ƙara komawa gefen da ya kwanta.

Shi ya sa dogayen benayen duniya ba su cika dogara da raf shi kaɗai ba. Burj Khalifa na Dubai, mai tsawon mita 828, yana zaune a kan raf mai kaurin mita 3.7, amma a ƙarƙashinsa akwai turakun kankare sama da 190, kowanne faɗinsa mita ɗaya da rabi, tsawonsa ya haura mita 40. Tagwayen benayen Petronas na Maleshiya raf ɗinsu mita 4.5 ne, turakunsu kuma wasu sun wuce mita 100. Raf ya ɗaure ginshiƙai wuri ɗaya ya raba kaya, turaku su kai nauyin can inda ƙasa ke da ƙarfi su kuma rage zama. Akwai wata dabarar kuma da ta dace da mu, wato a haƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kowace mita ɗaya ta ƙasa da aka kwashe ta rage wajen tan 1.8 a kan murabba'in mita. Ka haƙa mita huɗu, ka sauke wa ƙasar fiye da tan 7, rabin nauyin benen da muka lissafa ɗazu ke nan, ka kuma samu wurin ajiye motoci. Sai dai wanda ya shiga ƙasa ya shiga hurumin ruwa.

Ruwa kuwa a nan yaudara gare shi. Kusan wata takwas da ƙyar kake ganin ɗigo, sai ya zo a dunƙule tsakanin Yuni da Satumba. Binciken da aka yi a watan Afrilu zai iya cewa ba ruwa har mita goma, ka dawo ƙarshen Agusta ka same shi a mita uku. Rahoton da bai faɗi watan da aka yi shi ba, bai kuma yi hasashen damina ba, ragagge ne. Bayan an gama gini ma ruwa bai ƙyale mu ba. Sokawe da aka haƙa jingine da harsashi, tankin ƙasa da ke yoyo, bututun da ya fashe ba a sani ba, indararon da ke zuba a gindin bango: kowannensu yana jiƙa gefe ɗaya na rairayin da ke ƙarƙashin raf ya bar ɗayan a bushe. Maƙwabci ma in ya zo ya haƙa rami mai zurfi dab da bangonka ba tare da tokari ba, ya zare maka ƙasa daga gefe.

Sai ranar zubi. Raf ɗin misalinmu kubik mita 600 ne na kankare. A kan buhu bakwai kowane kubik, buhu 4,200 ke nan, tirela bakwai masu ɗaukar ɗari shida-shida. Ana so a zuba shi ba yankewa, ko kuma a yanke a inda injiniya ya tsara tun a takarda. In mikisa ta mutu ƙarfe biyun dare, ko tsakuwa ta ƙare, kankaren farko ya daskare kafin na biyu ya iso, an samu tsaga a ɓoye wadda ruwa zai bi ya ci rodi. A Petronas awa 54 aka yi ana zubi ba tsayawa a kowane bene. Mu da ke aiki da ƙaramar mikisa da kwano a ka, dole mu san iyakarmu, mu tanadi mikisa ta biyu da janareta na biyu da injin girgiza kankare na biyu kafin a fasa buhun farko.

Kankare mai kauri kuma zazzaɓi yake yi. Siminti in ya haɗu da ruwa zafi yake fitarwa, a faifai mai kaurin mita ɗaya ko biyu zafin ba ya samun hanyar fita, ciki ya yi ta dahuwa kwanaki, fata kuma ta huce. In bambancin ciki da waje ya wuce digiri 20, sai ya tsage da kansa. A ginin Burj Khalifa na Dubai da dare aka riƙa zubi lokacin zafi, ana haɗa kankaren da ƙanƙara. A Katsina, inda Afrilu ke haura digiri 40, tsakuwar da ta wuni a rana ba ta taɓuwa da hannu. A yi mata rumfa, a yayyafa mata ruwa, a fara zubi bayan la'asar. Hunturu ma ba sauƙi ba ne, don busasshiyar iskar nan tana shanye ruwan fuskar kankare kafin ya kama. Abin da na fi ganin amfaninsa shi ne a lulluɓe shi da leda da buhuna tun daren farko, daga baya a yi masa fangali da yashi kamar lambun albasa a cika da ruwa, aƙalla mako guda. Kuma kada a bar leburori su ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi saurin gudu. Wannan ruwan da ke sauƙaƙa musu aiki shi ke rage ƙarfin da za a auna ranar kwana 28, in har an ɗebi samfurin gwajin ma.

Duk wannan an yi shi ne don adadin hawa da aka lissafa. A misalinmu tsakanin 14.4 da 15 ba wurin ko hawa ɗaya. Mai gini da ya ga kasuwa ta buɗe ya ce a ɗora biyu a sama "tunda raf ne", ya ci amanar lissafin, kuma ba shi kaɗai zai biya ba. Masu haya ne a ciki, da yaran maƙwabta a gindin bango.

Ina ganin hukumar tsara birane ta jiha tana da babban aiki a nan, kuma ba mai wuya ba ne. Duk ginin da ya wuce hawa biyu, kada a sa hannu a takardarsa sai da rahoton binciken ƙasa mai nuna zurfin kowane rami da watan da aka haƙa shi, da hatimin injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, wanda za a iya nemansa a same shi. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, masu ilimin kuma ba su yi mana nisa ba, ga Kwalejin Hassan Usman a gida, ga Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Abu na biyu da nake roƙo shi ne taswirar tsofaffin kududdufan Katsina da Daura. Tsofaffin hotunan sama za su nuna wasu, sauran kuma suna cikin kan dattawa irin wanda ya nuna mana gaɓa da sandarsa, kuma waɗannan dattawan ba za su dawwama ba. Kuɗin bincike ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin simintin raf ɗin kaɗai.

Shi Alhajin nan kwana uku bai ɗauki wayata ba. A na huɗu ya kira ya ce in zo da takardu. Na shimfiɗa masa hanyoyi: ko a kafa turaku su ratsa sharar, wanda sai an ɗauko injin daga nesa, ko a kwashe sharar duka a cike da jar ƙasa ana daddannawa hawa-hawa ana gwadawa, ko kuma a ja ginin zuwa gabas a rage shi. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Hawa nawa gabas ɗin za ta ɗauka ba fargaba?" Na ce huɗu. Ya ce a yi huɗu. Aka kwashe sharar da ta shigo ƙarƙashin ginin har aka tarar da ƙasar asali, aka cike, aka zuba raf a kai, gefen kududdufin kuma ya zama wurin ajiye motoci, sokawe can ƙarshensa nesa da harsashi. Kafin a yi filasta na sa aka kafa ƙusoshin ƙarfe a ginshiƙan kusurwa huɗu. Duk ƙarshen damina nakan je da na'urar awo in duba su, in rubuta a littafi, in kai masa kwafi.